Assetto Corsa ya lalace bayan taɓa fayil: Verify ko sake sauke wasan?

Ɗan'uwa da ya tambaya ya ce ya kwance data.acd (fayil ɗin bayanan mota) na wata mota a wasan tseren motoci na Assetto Corsa, ya ƙara mata ƙarfin inji, ya kuma saka Custom Shaders Patch (CSP), wani ƙari da ke inganta hoton wasan. Yanzu wasan yana mutuwa wurin lodi, sabar intanet kuma tana korarsa da saƙon checksum, wato fayilolinsa ba su yi daidai da na sabar ba. Wanne ya fi, Verify na Steam (manhajar da ake sauke wasan daga cikinta) ko goge wasan a sake saukewa?

Malam, matsala biyu gare ka, kuma maganinsu daban.

Verify yana duba fayilolin da Steam ta zuba da kanta ne kawai. Wanda ka canza ko ka goge, ta sake sauke na asali. Idan motar da ka taɓa ta Kunos ce, wato kamfanin da ya yi wasan, wannan ya isa: data.acd ɗinta zai dawo, checksum ya daidaita, cikin 'yan mintuna, datar da za ta tafi kaɗan ce. Haka ma surfaces.ini da ke system\data, wanda shi ma sabar ke dubawa. Amma Verify ba ruwansa da abin da kai ka ƙara. Motar mod (wadda 'yan wasa suka ƙera, ba Kunos ba), filin tsere na mod, dwrite.dll da jakar extension, wato CSP kenan, duk yana barinsu yadda ya same su. Idan motar mod ce ka gyara, sai ka sake sauke ainihin sigar da sabar ke amfani da ita.

Sake saukewa kuwa ya fi tsada, Steam ta rubuta 15 GB, da DLC (ƙarin motoci da filayen tsere) ya haura haka. Kuma nan mutane ke asarar data a banza: Uninstall ma fayilolin Steam kawai yake kwashewa. Mods ɗinka suna nan kwance a steamapps\common\assettocorsa, sabon wasan ya sauka a kansu, ciwon ya dawo. Sai ka goge jakar da hannunka tukuna. Ko a haka Documents\Assetto Corsa\cfg tana nan daram, can video.ini da controls.ini suke zaune.

Don haka mutuwar lodi kada ka fara da ko ɗaya cikinsu. Buɗe Documents\Assetto Corsa\logs, duba ƙarshen log.txt, sau da yawa sunan fayil ɗin da ya kayar da wasan yana wurin. Sannan fitar da dwrite.dll ka ajiye a gefe, ka kunna motar Kunos a filin tseren Monza. Idan ta tashi, CSP ne ko motar da ka gyara; in CSP ne, sauke wata siga daga Content Manager, manhajar sarrafa wasan da mods ɗinsa. Idan ba ta tashi ba, canza wa jakar cfg suna, wasan zai ƙirƙiri sabuwa, sai dai za ka sake saita sitiyari da feda.

A gani na, bayan duba log.txt da cire dwrite.dll, Verify shi ne abin yi. Gogewa gaba ɗaya sai in ka zuba mods da yawa har ba ka san me ya hau kan me ba.

Wani tarko kuma: in za ka ƙara gyaran mota, kada ka kwafi jakarta ka canza suna da hannu. Makullin data.acd daga sunan jakar yake fitowa, fayil ɗin sauti na sfx ma da sunan yake tafiya, sai motar ta ƙi lodi ko ta fito bebiya. Yi kwafin ta cikin Content Manager, ka gyara kwafin, ka bar ta asali don sabar.