Bindigar iska ta PCP: abin aunawa kafin saye, gyara ko ƙarin ƙarfi

Mai neman bindigar iska irin wadda ake ɗura wa iska tun kafin harbi, wato PCP, yakan fara da tambayar ƙarfinta da nisan da take kaiwa. Ni a ganina tambayoyi biyu sun riga wannan: da me za ka cika ta, kuma wa zai buɗe ta ranar da ta fara yoyo? Don kuwa za ta yi. Cikinta tulu ne mai riƙe iska da matsin bar 200 zuwa 300, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka, kuma abin da ke tare wannan matsi duka 'yan zobban roba ne masu bushewa da tsufa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kafin komai, doka. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin makaman da sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa, sana'ar gyaran makamai ma sai da izini. A Ingila bindigar da ƙarfinta ya wuce kimanin jul 16 (ma'aunin ƙarfin harbi) sai da takarda, a Jamus iyakar jul 7.5 ce. Shi ya sa samfuri ɗaya kan fito da ƙarfi daban-daban gwargwadon ƙasar da aka yi wa shi, kuma shi ya sa murɗa sifirin don ƙarin ƙarfi kan jefa mutum cikin laifi bai ankara ba.

Zaɓi na farko: mai regileta, wato na'urar daidaita matsin iska, ko marar shi.

Marar regileta ita ce mai sauƙin ciki. Ka ja kunama, hama, wato ƙarfen da sifirin ke turawa, ta bugi bawul, iska ta fito kai tsaye daga tulu ta tura ƙwayar dalma. Amma da yake matsin tulun na raguwa da kowane harbi, gudun ƙwayar ba ya zama ɗaya. Idan tulu ya cika maƙil, iskar na danne bawul, sai harbin farko-farko su fito da ɗan rauni; a tsakiya su daidaita; can ƙasa su faɗi. Mai irin wannan bindiga dole ya san tsakiyar nan, ya cika daidai bakinta, ya tsaya inda ta ƙare. In ya zaƙe ya cika fiye da ƙa'ida, bawul na iya ƙin buɗewa sam. Air Arms S400 da S410 na Ingila haka suke, Benjamin Marauder ta Amurka da ta fito a 2009 ma da haka ta fara, kuma an san su da daɗewa ba tare da rigima ba.

Regileta kuwa ɗan ɗaki ne tsakanin tulu da bawul, yana sako iska a matsi guda, galibi wajen bar 90 zuwa 150, komai cikar tulun. Harbi na farko da na hamsin sai su zo kusan ɗaya, iska ma ta fi auki. Kuɗinsa shi ne ƙarin zobban roba, da jerin 'yan faifan ƙarfe masu aikin sifirin, da mazaunin da ke toshe iska, wanda ke cinyewa. In ya fara gajiya, matsinsa na hauhawa a hankali yayin da bindiga ke ajiye, sai harbin farko ya kauce wa saura. Mai gasar harbin alama yana bukatarsa. Mai korar ɓera da gafiya daga rumbu a tazarar mita 20 ko 30, ban ga abin da zai ƙara masa ba sai abin lalacewa. Kuma ba ƙofa ce da ke rufewa ba: kamfanin Huma na ƙasar Holan yana ƙera regileta da ake sa wa samfura da yawa daga baya.

Can saman kasuwa akwai FX Impact ta Suwidin, wadda kusan komai nata ana saita shi daga waje, da wasu samfuran Daystate masu batir da allon lantarki a madadin sifirin hama. Kaya ne na gani na faɗa, sai dai yawan wurin saiti yawan wurin yoyo ne, allon lantarki kuwa ba a gyara shi a kan tabarma. Hatsan da Kral na Turkiyya, da Snowpeak ta Sin, sun fi araha nesa ba kusa ba. Aikin cikinsu bai kai na Weihrauch ta Jamus laushi ba, amma ga mai haƙurin gogewa da sauya roba suna biya. Ko wacce ka nufa, nemi zanen sassanta da jerin girman zobbanta tun kuɗi na aljihunka. In babu su, wuce.

Sai maganar iska, inda kuɗi na biyu ke tafiya. Injin mai faci ba ya cikin lissafi, ƙarfinsa bai fi bar 10 ba. Famfon hannu na musamman, irin na Hill da ake yi a Ingila, shi ne mafi arha kuma ba ruwansa da wutar lantarki, amma ƙaramin tulu ma kan ci bugu ɗari ko fiye, kuma dole a riƙa hutawa don kada zafi ya ƙone robobin famfon. Ya dace da bindiga mai ƙaramin tulu da ƙaramin matsi, kamar Benjamin Discovery da ake cikawa zuwa kusan bar 140. Babban silinda irin na masu nutso a teku yana cika bindiga cikin daƙiƙu, amma shi ma sai an kai shi an cika, ana yi masa gwajin matsi lokaci-lokaci, na zaren kabon kuma yawanci shekara 15 ce wa'adinsa. In garinku babu mai cika shi, ka sayi kayan ado. Ƙaramin kwamfireso na gida, irin Yong Heng mai sanyaya kansa da ruwa, shi ya warware wa mutane da yawa matsala, da sharaɗin a sa masa matatar kirki. Matse iska na tara raɓa, raɓar nan in ta shiga tulu tsatsa take yi daga ciki inda ido ba ya gani. Da damina wannan ya fi tsanani. Da hunturu kuma ƙurar da famfo ke zuƙa ce ke cin roba.

Abu biyu babu sassauci a kansu. Kada a taɓa cika ta da iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti, don da ta haɗu da maiƙo a wannan matsi fashewa ce. Kada kuma man inji ko giris na mota ya kusanci inda iska mai matsi ke bi. Man silikon kaɗai, shi ma shafa kaɗan a kan roba. Barin ta cikin mota a rana ma ba dabara ba ce: tulun da aka cika bar 200 a inuwa zai haura 220 in ya yi zafin digiri 60.

To, ka gyara da kanka ko ka kai wa gwani? Gano yoyo kowa zai iya. Ruwan sabulu a mahaɗai zai nuna kumfa. Balan-balan da aka ɗaura a bakin bututu, in ya kumbura da kansa, bawul ɗin fitar iska ne ke zuba. Sauya zoben bakin cikawa ko na sandar tura ƙwaya aikin ɗan lokaci ne da alanki. Amma duk abin da ya kai ga kwance tulu, bawul ko geji mai nuna matsi, sai an fitar da iska ƙaf, kuma kada a amince da allurar geji ita kaɗai, tana iya maƙalewa. A yi harbin wofi ta inda ba kowa har sai an ji shiru. Zobe kuma ba girma kaɗai ake dubawa ba, har da tauri: akwai mai lamba 70, akwai mai 90, in aka sa mai laushi a gurbin mai tauri matsi zai tura shi cikin tsaga ya yanke. Tulun da ya lotsa, ko zaren da ake ɗaure shi da shi ya ci, ba a walda shi, ba a faci, sauyawa ake yi. Gwanin bindigar gargajiya ko ta harsashi ba lallai ya san wannan fanni ba. Tambaye shi da me yake shafa wa roba. Amsarsa ta ishe ka.

Saiti kuwa, wanda ba shi da na'urar auna gudun ƙwaya lalube yake yi a duhu, don haka ita ce sayayyar farko, kafin sabon sifirin ko faɗaɗa ramin iska. Abubuwan da ake taɓawa uku ne: ƙarfin sifirin hama, matsin regileta, da faɗin ramin da iska ke bi zuwa bututu. Ɗaya ake motsawa a lokaci guda, a harba, a rubuta. Ƙara sifirin yana ɗaga gudu zuwa wani matsayi, daga nan sai ƙara da ɓarnar iska kawai. Masu saiti kan kai wannan ƙololuwa sannan su ɗan ja baya. Regileta da yawa kuma ba a rage matsinsu da iska a ciki, mazaunin ke lalacewa. Ƙwayar dalma mai siket, wato mai buɗaɗɗen gindi, ta fi zama daidai a wajen mita 250 zuwa 280 cikin daƙiƙa; da ta doshi gudun sauti, kusan mita 340, sai ta fara tangaɗi. Sau tari wanda ke kukan bindigarsa ba ta saiti, gwangwanin ƙwaya kawai zai sauya, ya gwada JSB ta ƙasar Cek ko H&N ta Jamus, ya ga wadda bututunsa ya fi so.

Idan ta hannu za ka saya, nemi a cika ta a gabanka, a rubuta abin da geji ya nuna, ka dawo washegari ka duba. Wadda aka daɗe da ajiyewa babu iska a ciki, ka ɗauka robobinta duk na sauyawa ne, ka rage wannan a ciniki. Ka dubi kwanan watan da ke jikin tulu, domin kamfanonin Jamus da dama shekara 10 suke ba shi. In ka ga kan sukuru ya cinye ko shatin filaya a jikin bawul, wani ya riga ya shiga ciki ba da kayan aikin da suka dace ba, sai ka tambayi abin da ya je nema.