Aikin da wani dattijo ya yi wa babur ɗina a Agege, bayan damina biyu ga abin da na gani

Wanda duk ya saba da babur a gida ya shigo Legas sai ya sha mamaki. Mu a Gusau ƙura da rana ne ke cin mashin, ka wanke shi ka juye mai a kan lokaci shikenan, sai ya shekara da shekaru ƙarfensa na ƙyalli. Nan kuwa ƙarfe har zufa yake, ka kwantar da mashin a ƙarƙashin rumfa ruwa bai taɓa shi ba amma da asuba ka shafa tanki ka ji danshi a hannunka. Shi yasa nace bari in faɗi yadda muka yi da wani dattijo mai gyara a Agege, don na ga 'yan uwa da yawa suna ta kashe kuɗi wajen canza rim da salansa alhali da ɗan abu kaɗan za a tare ɓarnar tun farko.

Mashin ɗina Bajaj Boxer ne, na hannu. Na saye shi ƙarshen 2022 wajen wani ɗan uwa da ya yi okada da shi ta ɓangaren Apapa, to da gwamnatin Sanwo-Olu ta hana okada a can daga 1 ga Yunin 2022, tare da Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Island da Mainland, sai ya koma ta Mushin, nan ma a Satumba aka haɗa da su, shine ya gaji ya ce gida zai tafi ya sayar min. Ni biredi da kayan shayi nake kai wa masu shayi, Agege, Dopemu, Iyana Ipaja har Egbeda ta cikin unguwa, kullum tun kafin a kira assalatu ina kan hanya. Injin lafiya lau, amma jikin fa iskar teku ta riga ta taɓa shi. Sifok, wato wayoyin rim, duk sun yi ja, ƙasan salansa kaman an yayyafa masa garin barkono, notin madigad ɗin gaba kuwa da muka sa sifana kansa ne ya gutsure ya bar sauran a ciki. Gishiri ne ke yin wannan, danshi kaɗai yana kawo tsatsa amma in ya haɗu da gishiri abin gudu yake, shi yasa mashin ɗin da ya zauna Apapa ko Ajah daban yake da na Agege ko da shekararsu ɗaya.

Wani mai shayi ne ya min kwatancen dattijon. Ba shago ne da shi na a zo a gani ba, rumfar kwano ce da benci ɗaya da tsohon keken ɗinki irin na masu tamfol, gefe guda an tara tsofaffin tib da jarkoki da suka fashe. Na gaishe shi nace Baba mashin na kawo a min maganin damina. Bai ce komai ba sai da ya zagaya shi sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya sa farce ya kankare bayan firem, sannan ya ce ɗana wannan ba a nan unguwar ya taso ba, ya sha ruwan gishiri. Tun daga nan na yarda da shi.

Watan Maris ne na 2023, an gama zaɓe, banar 'yan siyasa ko'ina an yar. Da ita ya ɗinka min rigar mashin, kuma wannan rigar ita ce abu na farko da zan yaba. Da leda nake rufe shi, baƙar leda mai kauri, in ɗaure tam har ƙasa ina ganin gata nake masa. Baba ya ce ai dafa shi kake. Ka dawo da inji da zafi, taya da ruwa, ka rufe ruf, tururin ba inda zai fita sai ya koma ya kwanta a kan ƙarfe har gari ya waye. Tasa rigar bata kai ƙasa ba, ya bar kaman taƙi ɗaya, sannan ya yanka taga biyu ƙanana daidai ƙarƙashin hannu ya ɗinka musu marfi yana kallon ƙasa, ruwa baya shiga amma iska na wucewa. Ta ciki inda zata taɓa tanki ya shimfiɗa tsohon zani don kar ta goge fenti. Ya kuma ja min kunne kar in rufe sai salansa ta huce, in ba haka ba robar zata narke ta manne. Damina biyu yanzu, rana ta ci rubutun jikinta ya koɗe, ɗinki ɗaya ya saki ta wajen madubi na kai ya mayar bai karɓi ko sisi ba, bayan wannan ba abin da ta yi.

Na biyu shine harshen madigad. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 ya yanka, ya ɗan gasa ta a wuta ta lanƙwashe daidai faɗin taya, ya huda ya ɗaure a ƙasan madigad ɗin gaba da noti biyu da washa. Ƙaramin abu ne a ido amma wallahi shi yafi komai aiki. Duk wanda ya bi layukan Agege bayan ruwan Yuni ko Yuli ya san abin da ke kwance a hanya, ruwan kwata ne da yashi, kuma tayar gaba kai tsaye take watsa shi kan inji da wuyan salansa da kan filogi. Kafin aikin nan in na shiga ruwa sau da yawa mashin sai ya fara shaƙewa ya mutu, in tsaya ina goge filogi da gefen riga biredin mutane na jiƙewa a baya. Tunda aka sa harshen nan, ya kuma canza min hular filogi ya shafa ɗan giris a bakin robar, sau ɗaya tak ya mutu min a ruwa, shi ma ranar ruwan ya kusa kai min gwiwa ne. Na baya ma ya sa amma da tsohuwar taya mara waya, ya ce jarka a baya karyewa take in kaya ya danne.

Sai ƙananan abubuwa da ya yi cikin minti kaɗan. Kan batir ya yi farin gari, ya wanke da ruwan kanwa mai ɗumi ya goge ya shafa Vaseline. Wajen makulli ya yanko tib ya yi masa ɗan marfi kaman murfin buta. Robar shokozoba ta gaba ta yayyage, ya yi mata hannun riga da tib ɗin keke. Wayar birki da ta kuloc ya zare ya ɗiga musu mai ya mayar.

Inda ya ɗau lokaci sosai shine fenti. Ya cire madigad duka biyu da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, ya ba yaronsa burushin waya da samfefa, yaron nan ya fi awa biyu yana gurza har sai da farin ƙarfe ya fito. Ni har na ƙosa nace Baba a shafa haka nan mana tunda ciki ne ba mai gani. Ya ce in ka shafa fenti a kan tsatsa ka yi mata bargo ne, tana ciki tana ci, wata uku ya kumbura ya ɓare. Jan fentin nan na masu walda da suke fara shafa wa ƙofa da taga ya sa, ya bari ya bushe har washegari, sannan ya bi da baƙi. Kwana biyu mashin ya yi a wajensa, na yi aron na maƙwabci na kai kaya. Kwanan baya na cire madigad don in duba, cikin yana nan yadda ya bar shi sai wani ɗan wuri kusa da noti da dutse ya ɓantare.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba, don amana ce in zaka faɗi abu ka faɗa duka. Ya naɗe min ƙarfen kariya da wani ɓangare na firem da tsirin tib, ya ja shi tam, wai don igiyar kaya kar ta ci fenti. Ranar ya yi kyau ƙwarai. Bayan damina ɗaya na ga wani jan ruwa yana ɗigowa daga ƙarƙashin robar, da na warware sai na tarar wajen ya fi ko'ina lalacewa, ruwa ya samu hanya ya shiga ya rasa ta fita, ƙarfen har ya yi ƙuraje, sai da mai walda ya ɗan taɓa wuri ɗaya. Abin ya ban haushi don shi da bakinsa ya min bayanin leda, kuma ga shi matsalar iri ɗaya ce. Na koma na nuna masa, bai yi gardama ba, ya ce gaskiyarka ɗana, wannan a arewa yake yi, nan baya yi. Ya kankare ya sake fenti kyauta. Amma dai na ga har yanzu yaransa na naɗa wa mutane in sun nema, to in ka je kace kar a naɗa maka, in dole ne a sa guntun tiyo a daidai inda igiya ke bi kawai, wanda zaka iya zarewa ka goge.

Sai maganar baƙin mai a cen. Shi Baba ya yarda da shi, yana da galan guda na wanda aka juye daga inji, da shi yake shafe cen da sifok da ƙasan inji. Ban ce baya hana tsatsa ba, yana hanawa, amma ruwa ne tsululu, kana tashi yake fallatsa a taya da ƙafar wando, yashi kuma ya manne masa ya koma kaman samfefa yana cin sifaket, wato haƙoran da cen ke hawa. Kuma a sifok in aka cika shi yana gangarawa wajen birki, birkin Boxer kuwa na ganga ne, mai ya shiga ciki ka taka ka ji wayam, da kaya a baya a kan hanya mai santsi wannan ba abin wasa bane. Ni na koma man giyar mota mai lamba 90, ɗan kaɗan da tsohon burushin haƙori duk sati, in an yi ruwa sosai sau biyu. Kuma don Allah masu cire murfin cen saboda ƙara ku daina, ku ɗaure notin ku sa guntun roba a tsakani ƙarar zata tafi. Kamfani bai rufe cen ɗin nan a banza ba. Nawa babu shi na saya, Baba ne ya samo min na hannu ya ɗaura.

Akwai shawara biyu da ya bani da ba kuɗi a ciki. Ɗaya kar in riƙa kwana da tanki wayam, don danshin da ke cikin iskar tankin yana zama ruwa da dare, ruwa kuma ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a ƙasa ya ci tankin ta ciki ya kuma gangara kafireta. Gaskiya ne, sai dai tunda aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 cika tanki kullum ya fi ƙarfin da yawanmu, abin da nake yi shine in sayi man gobe da yamma maimakon da safe, sannan duk wata in kwance ɗan notin ƙasan kafireta in zubar da abin da ya taru. Ta biyu in na dawo daga cikin ruwan kwata in watsa wa ƙasan mashin ruwa mai kyau ko bokiti ɗaya ne, in bar inji ya ɗan yi aiki ya bushe kafin in rufe. Salansa dai bai iya cetonta ba kuma tun farko ya faɗa min, ta riga ta ci ta ciki, ta ƙara min wata takwas na canza.

Kuɗin aiki gaba ɗaya har da fenti da murfin cen naira 9,000 na bashi a lokacin, ana tsakiyar wahalar takardar kuɗi ma sai ta wajen mai POS na tura. Yanzu na san ya tashi kaman komai, amma ko ninki uku ya zama bai kai abin da zaka kashe a rim da salansa ba. In zaka je ka tafi da jarkarka da banarka zai rage maka, ka kuma je a Fabrairu ko farkon Maris kafin ruwa ya sauka, don fenti baya bushewa da kyau cikin damina kuma lokacin layi yake yawa. Baya aiki ranar Juma'a sai bayan an sauko, kuma baya son a tsaya masa a ka ana gaggauta shi. Ni wata mai zuwa in Allah ya kaimu zan mayar masa a sake bin ƙasan madigad, in kuma ce ya ɗinka wa akwatin biredin riga irin ta mashin ɗin.