Tukwicin masu kawo abinci a Amurka: albashi ne, ba kyauta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun sha tambayata yadda kashe kuɗi yake a nan Amurka. Yau zan ɗauki abu guda da yake ɗaure wa baƙo kai, wato kuɗin da ake bar wa mai kawo abinci a gidan cin abinci.

Farashin da ke jikin takardar abinci ba shi kaɗai za ka biya ba. In ka gama ci, za a kawo maka rasit cikin wata 'yar baƙar jaka, da biro a maƙale. An riga an ɗora harajin ciniki, sannan ga wani layi da aka bari fili don ka rubuta tukwici da hannunka. Sau da yawa a can ƙasa ma an yi maka lissafi: kashi 18, kashi 20, kashi 22 cikin 100. Abincin dala 60, ka bar dala 12, shi ne daidai a idon mutanen nan. Babu dokar da ta tilasta maka. Kana iya jan layi ka tashi, ba mai tare ka a ƙofa.

Amma ku ji abin da ke ƙarƙashin layin nan. Mafi ƙarancin albashi a dokar tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009. Sai dai dokar ta ba mai gidan abinci damar biyan ma'aikacin da ke samun tukwici dala 2.13 kacal, kuma wannan adadi bai motsa ba tun 1991. A nan Texas inda nake, da shi ake aiki. Awa 40 a mako, dala 85 da 'yan kai ke nan. Wata mata da muke zaune a gini ɗaya, mai 'ya'ya biyu, ta taɓa nuna mini takardar albashinta: bayan an cire haraji, sifili ne a wurin da ya kamata a ga kuɗi, domin harajin tukwicin ma daga nan ake yanka shi. Kuɗin hayarta, da man motarta, da takalmin da take tsayuwa a kai tun rana har tsakar dare, duk daga layin nan suke fitowa. Doka ta ce in tukwici bai cike 7.25 ba, mai gida ya cika, amma ma'aikacin da ke tsoron a rage masa ranakun aiki ba kasafai yake buɗe baki ba.

Akwai kuma abin da mai cin abinci ba ya gani. A gidaje da yawa, in an tashi aiki, mai kawo abinci yana yankar wani kaso ya ba mai kwashe kwanuka da mai haɗa abin sha, kuma da yawan ciniki ake lissafa kason, ba da abin da ya samu ba. Saboda haka teburin da ya ci na dala 100 ya tashi bai bar komai ba, daga aljihunsa mai kawo abincin ya biya don ya yi musu hidima. Wannan ne ya sa raina ke ɓaci in na ga mutum ya ci ya ƙoshi, ya ce shi ba ya goyon bayan tsarin. Ni ma ba na goyon bayansa. Amma mai gidan ya riga ya karɓi nasa cif, haƙƙin mai ƙaramin ƙarfi ne aka danne.

Adalci a nan yana da 'yan ƙa'idoji da na riƙe. In abinci ya yi jinkiri ko gishiri ya yi yawa, laifin kicin ne, a kira manaja a gaya masa, kada a huce a kan wadda ta ɗauko faranti. In an yi maka ragi, ka lissafa tukwici a kan farashin asali, don hidimar ba ta ragu ba. In kun kai mutum shida ko fiye, ku duba rasit da kyau, galibi an riga an saka kashi 18.

Ba ko'ina ne haka ba, ko a cikin Amurkar. Jihohi bakwai, cikinsu har da Kalifoniya da Washington da Minnesota, sun wajabta cikakken mafi ƙarancin albashi, tukwici ya zo a kai. A Landan gidaje da yawa suna saka kashi 12.5 na hidima a rasit, kuma tun 1 ga Oktoba 2024 doka ta hana masu gidajen riƙe ko sisi daga ciki. A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashi, in ka ji daɗi ka bar 'yan canji. A Japan ba a bayarwa sam. Tsarin Faransa ya fi kwanta mini, domin ma'aikaci ya san abin da zai shiga hannunsa a ƙarshen wata, bai dogara da fara'ar baƙo ba.

An gwada hakan a nan. Danny Meyer, wani babban mai gidajen abinci a New York, ya soke tukwici a 2015 ya ɗaga farashi don ya biya ma'aikata albashi sosai, sai ga shi a 2020 ya koma gidan jiya. Mutane sun saba ganin ƙaramin farashi a takarda, ƙwararrun ma'aikata kuma sun ga a daren Asabar tukwici ya fi musu albashi tsoka.

Wani sabon abu kuma shi ne allon na'urar biyan kuɗi da ake juyo maka a kanta, inda kai ka tsaya a layi ka ɗauki kofinka da kanka, shi ma yana neman kashi 20. Wannan kam ganin dama ne, don galibin ma'aikatan kanta ana biyan su cikakken albashin awa. Nakan bar dala ɗaya, wani lokaci in wuce. Wanda ya kawo mini abinci har ƙofa cikin ruwan sama da motarsa da mansa, ba na ba shi ƙasa da dala biyar.