Sharhi: Makirufon nesa ga wanda kunnensa ƙalau amma magana ke kuɓuce masa

Na'urar da zan yi sharhi a kanta kashi biyu ce. Akwai ɗan makirufo da ake maƙala wa mai magana a wuyan riga, sai 'yan na'urori biyu da nake ratayawa a bayan kunnuwana, kowacce da siririyar waya mai leƙawa cikin kunne. Aikinta ɗaya ne tak: ta ɗauko murya daga bakin mai ita ta sauke min a kunne, ba tare da ta ratsa hayaniyar ɗaki ba. Na daɗe ina amfani da ita, a wurin aiki da wurin karatu da cikin mota, kuma hukuncina a taƙaice shi ne ta yi min rana sosai, amma ba ta inda masu tallarta suka fi nanatawa ba.

Kafin a fahimci abin da nake yabo da abin da nake kuka da shi, sai an san lalurar da ta kai ni gare ta. Ni ba kurma ba ne. Duk lokacin da aka saka ni a ɗakin gwajin ji, aka kunna min 'yan sautukan nan daga 250 zuwa 8,000 Hz (ma'aunin kauri ko kaifin sauti) ina danna maɓalli, sakamakon kan fito babu abin cewa. Kunnen yana kama sauti, ƙwaƙwalwar ce take jinkirin tace shi ta mayar da shi magana. Ina jin muryar mutum, ina jin hawanta da saukarta, har ina gane ko fushi yake ko raha, amma kalmomin sai su iso a cakuɗe. In ce "me ka ce?", kafin ya buɗe baki ya maimaita sai ga maganar ta warware da kanta a kaina, in ba shi amsa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka raini ne ko kunnen ƙashi. Likitoci suna kiran wannan lalurar tace sauti a ƙwaƙwalwa, ana taƙaita sunanta da APD.

Ba sabon abu ba ne a wurin masana. Tun a 1954 wani likitan Italiya, Ettore Bocca, da abokan aikinsa suka lura cewa masu ƙari a gefen ƙwaƙwalwa kan ci gwajin ji na yau da kullum, amma da zarar an dusashe magana kaɗan sai ta gagare su. A 1961 Doreen Kimura, a Montiriyal ta Kanada, ta yi aiki da gwajin da ake saka wa mutum lambobi daban-daban a kunnen dama da na hagu a lokaci guda, ta gano cewa a wurin yawancin mutane kunnen dama ne ke rinjaye a harkar magana. Irin wannan gwajin ne ya tona asirin tawa matsalar: na dama ya yi ta maza, na hagu kuwa kusan komai ya zubar. Ƙungiyar ƙwararru kan magana da ji ta Amurka, ASHA, ta fitar da cikakken rahoto a kan lalurar a 2005, amma har yau masana ba su daina saɓani ba a kan inda iyakarta take, domin tana yawan haɗuwa da matsalar rashin tattara hankali, da wahalar karatu, da lalurar otizim mai shafar mu'amala da mutane. Ni dai saɓaninsu bai hana ni shan wahala a ɗakin taro ba.

Dalilin da ya sa na'urar ke aiki lissafi ne mai sauƙi. A fili, duk lokacin da nisan da ke tsakaninka da mai magana ya ninka, ƙarfin muryarsa kan ragu da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ƙarar fanka da motsin kujeru da hirar na bayanka suna nan yadda suke. Ga kuma amsa-kuwwa daga bango da silin, wadda kan sa ƙarshen kalma ya hau kan farkon ta gaba. Wasula suna da ƙarfi, sukan tsira. Baƙaƙe irin su s da f da t da k raunana ne, su hayaniya ke fara haɗiyewa, kuma su ne ke raba kalma da 'yar'uwarta. Shi ya sa "bakwai" da "takwas" kan zame min abu ɗaya, haka "sauka" da "ɗauka". Masana suna ba da shawarar a aji muryar malami ta ɗara hayaniya da aƙalla desibel 15, abin da ɗakuna da yawa ba sa kaiwa. Makirufon da ke ƙasa da haɓar mai magana ya kashe wannan nisan gaba ɗaya. Ko ya juya ya fuskanci allo, ko ya taka zuwa ƙarshen ɗaki, a wurina kamar yana tsaye ne a kafaɗata.

Inda ta fi burge ni shi ne lacca da duk wani zama da mutum ɗaya ke jan magana. Nan kam babu tantama. Sai kuma mota, wadda a da ita ce wurin da na fi tsanar a yi min hira. Ga ƙarar inji da ta taya, ga shi ba ka kallon bakin mutum. Mu masu wannan lalura da ido muke cike rabin abin da kunne ya zubar, ko mun sani ko ba mu sani ba. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna cewa idan aka haɗa sautin "ba" da hoton baki yana furta "ga", mutane da yawa "da" suke ji. Wato ko ga mai lafiya, gani yana da hannu a cikin ji. Wannan ne ya sa shekarar 2020, da kowa ya rufe baki da takunkumi saboda annobar korona, ta zame mana wani ƙaramin bala'i na daban a kan babban. Da makirufon a wuyan wanda ke gefena, ina iya sa ido a hanya ina kuma bin zancensa, abu biyun da ban taɓa iya haɗawa ba.

Amma babban abin da ta ba ni, wanda ba a rubuta a jikin kwalinta ba, hutu ne. Wanda bai taɓa sauraro da ƙarfin tsiya ba ba zai gane irin gajiyar ba. Kowace jimla sai ka tsinci guntayenta, ka jera, ka yi hasashen abin da ya ɓace, kana cikin haka mai magana ya yi gaba da jimla biyu. Kana murmushi kana gyaɗa kai, cikinka kuwa kokawa ake. Kafin yamma kai ya yi nauyi, ko sallamar mutanen gida ba ka son amsawa, su kuma su ɗauka wani laifin suka yi. Da na'urar, kalmomin da nake kamawa sun ƙaru, gaskiya ne, amma abin da na fi lura da shi shi ne ina tashi daga dogon zama da sauran ƙarfi a jikina. Ina iya tunani a kan abin da aka faɗa tun ana faɗarsa, har in yi tambaya a kan lokaci, ba sai bayan an watse ba. Idan da za a ce in zaɓi dalili ɗaya na riƙe ta, wannan ne.

Wani abin yabo shi ne 'yan na'urorin kunnen ba sa toshe kunne. An yi su ne don masu ji, saboda haka ramin kunne a buɗe yake, ina jin muryata yadda take, ina jin wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba su da nauyi, nakan manta suna nan. Sautin kuma ba ya makara. Irin waɗannan na'urori na yanzu suna aika murya ne a zangon rediyo na 2.4 GHz da tasu hanyar ta musamman wadda ba Bulutut (Bluetooth) ba, sun gaji tsofaffin na FM da aka daɗe ana amfani da su a makarantu. Bulutut na gama-gari kan yi jinkirin da ya wuce kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kuma ga mai karanta leɓe wannan ɗan jinkirin ya isa ya rikita komai, baki ya rufe murya ba ta iso ba.

Yanzu sai kukana. A zaman mutum biyar ko shida, inda kowa ke tsoma baki, na'urar takan rasa na kamawa. Akwai tsarin da ake ajiye makirufon a tsakiyar tebur ya riƙa juyawa da kansa ga wanda ya fi ɗaga murya. Idan mutanen masu jiran juna ne, yana yin abin kirki. Idan kuwa gardama ta kaure, sai ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, in sami kan maganar wani haɗe da wutsiyar ta wani. Sannan duk abin da ya taɓa teburin, biro ko takarda ko yatsun mai ƙwanƙwasawa, a tsakiyar kaina yake sauka. Tun a 1953 Colin Cherry ya yi nazari a kan yadda mutum ke zaɓar murya ɗaya a cikin taron masu surutu, kuma har yanzu ƙwaƙwalwa mai lafiya ta fi wannan makirufon iya aikin nesa ba kusa ba.

Haka idan yana wuyan mai lacca, wanda ya yi tambaya daga bayan ɗaki ya ɓace min, sai dai in ji amsa in yi ta laluben tambayar. Mayafi ko sarƙa ko igiyar katin shaida idan suna gogar makirufon, ƙarar takan hana ni sakat. Kuma muryar ba ta da alkibla, daga ciki take fitowa, don haka idan an kira ni nakan juya inda ba nan ba. Caji yana kai ni yini idan na fita da shi a cike, sai dai abubuwa uku ne ake cajawa, kuma mantuwa da ɗaya ta kashe sauran.

Akwai maɓallin kashe murya, kuma wajibi ne ka nuna wa duk wanda ka maƙala wa, tun kafin ya fara magana. Mutane sukan manta yana jikinsu, su fita waje amsa waya ko su ja wani gefe su yi sirri, kai kuma kana zaune kana jin komai. Ni da kaina nake zare 'yan na'urorin kunnen da zarar mutum ya bar ɗakin, domin amana ce ya ba ni.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi ba na fasaha ba ne. Na'urar ba ta aiki sai wani ya yarda ya sa ta. Ke nan duk inda ka je sai ka tashi ka tunkari mutum, wani lokacin babba ne da kake jin nauyinsa, ka ce ranka ya daɗe, don Allah a taimaka a maƙala wannan. Sai tambayoyi su biyo baya. Naɗar murya take yi? Ai kuwa kana ji na yanzu, to mene ne amfaninta? Na koyi taƙaita bayanin: ina ji, amma hayaniya tana cinye min kalmomi, wannan kuma ba ta naɗa, kawowa kawai take. Yawancin mutane sukan karɓa da hannu biyu, wasu har su riƙa tuna min idan ban kawo ba. Duk da haka akwai ranakun da ba ni da ƙarfin yin bayanin, sai in bar ta a jaka in koma gyaɗa kai. Duk wanda zai saya wa yaro ko matashi, ya sa wannan a lissafi, domin na'urar da kunya ta hana a fito da ita ba ta da maraba da wadda ba a saya ba.

Sannan akwai abubuwan da ko kusa ba ta taɓa su ba. Idan aka jero min umarni huɗu a baki, na ji su tar, amma kafin in kai ga na uku na farko ya zube, don haka har yanzu nakan ce a rubuto min. Mai saurin magana yana nan da saurinsa. Ina kuma fama da rashin jure wasu sautuka, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe ko kukan birki sukan soke ni kamar allura, kuma makirufon ba maganin wannan ba ne. Matoshin kunne nake sawa a irin wuraren nan, amma da taka-tsantsan, domin ƙwararru suna gargaɗin cewa yawan toshe kunne a inda babu ƙara mai cutarwa kan ƙara wa kunnen rashin juriya. Ga lambobi da sunaye kuwa, rubutu ya fi min komai. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu nan take, irin Live Transcribe da Google ta fitar a 2019 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Washintan, sun buɗe wata ƙofar daban, kuma ni ina ganin su abokan tafiyar makirufon ne, ba kishiyoyinsa ba.

Wa zan ba shawarar ya nema? Ɗalibi, da mai aikin da ke yawan zama a gaban mai jawabi ɗaya, da wanda hirarsa ta fi yawa da mutum ɗaya a wuri mai hayaniya. Wanda rayuwarsa ta fi karkata ga taron da kowa ke magana lokaci guda, zai amfana amma kada ya sa rai da yawa. Kada kuma a saya da ka. A fara zuwa wurin ƙwararren gwajin ji, a tabbatar ba raunin ji ba ne ko ruwa a bayan dodon kunne, domin kowannensu da nasa maganin. A nemi gwajin fahimtar magana cikin hayaniya, ba na sautuka kaɗai ba. Yara galibi sai sun kai shekara 7 ake yi musu cikakken gwajin wannan lalura, saboda hanyoyin ji a ƙwaƙwalwarsu ba su gama nuna ba kafin nan. Idan an zo saye, a nemi a ba da lokacin gwaji, kuma a gwada ta a ɗakin da ya fi ba ka wahala, ba a ofishin mai sayarwa ba inda ko ba na'ura kana jin komai. Ƙwararren ne kuma ya kamata ya saita iyakar ƙarfin sautin, tunda kunnen da za a saka wa lafiyayye ne.