Hulba, kirfa, garafuni ko zogale: wanne ya dace mai ciwon sukari ya saya?

Kalmar "antioksidan" (sinadarin da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa) da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar maganin ganye ba hujja ba ce cewa maganin zai sauke sukari. Yawanci a kwalbar gwaji ake auna wannan ƙarfin, sannan a gwada tsimin a kan ɓerayen da aka sa wa ciwon da sinadari. Abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lallai ya yi a jikin mutum ba. Tambayar farko ke nan: an gwada shi a kan mutane, kuma da wane awo?

A wannan ma'auni hulba ce kan gaba. 'Ya'yanta na da yauƙi mai rage saurin shigar sukari daga hanji zuwa jini, kuma gwaje-gwajen da aka ga amfani sun yi aiki ne da giram 5 zuwa sama a rana. Don haka kafso ɗaya mai miligiram 500 na garin hulba bai kai ko'ina ba. Gara garin da za a auna. Hulba tana kumbura ciki, tana iya sa zawo, kuma ba ta jituwa da wafarin, maganin tsinka jini.

Kirfa iri biyu ce, a nan ake yawan kuskure. Kasiya, mai kaurin ɓawo da duhun launi, tana da wani sinadari mai suna kumarin da yawa, wanda ke wahalar da hanta. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ƙayyade kada kumarin ya wuce miligiram 0.1 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato miligiram 6 ga mai kilo 60, kuma ƙaramin cokali ɗaya na kasiya na iya zarce hakan. Ta Siri Lanka, mai siririn ɓawo a nannaɗe kamar takarda, kumarinta kaɗan ne. Tasirin kirfa a kan sukari dai ƙarami ne.

Garafuni ya yi suna saboda ɗaci, amma a gwajin da aka kwatanta shi da metfomin, maganin sukari na asibiti, bai kamo ƙafarsa ba, kuma mai juna biyu ta guje shi. Zogale abinci ne mai gina jiki. Hujjar sauke sukarinsa a jikin mutum ba ta yi ƙarfi ba tukuna.

Kwalbar da ba ta rubuta sunan tsiron, sashen da aka ɗiba, da awonsa ba, a bar ta. Wadda ta ce tana warkarwa gaba ɗaya ma haka, domin an sha kama irinta da gilibenkilamaid, wata ƙwayar sauke sukari ta asibiti, a ɓoye a ciki. Haɗa wannan da maganin asibiti na iya faɗar da sukari ƙasa da 70 mg/dL: gumi, rawar jiki, jiri. In haka ta faru, a sha giram 15 na sukari, a sake aunawa bayan minti 15.

A sanar da likita kafin a fara, a ɗauki tsiro ɗaya kawai, a riƙa auna sukarin safe, a yi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, bayan wata 3. Mai allurar insulin kada ya ajiye ta saboda kowane ganye.