Kwant: manhajar kyauta mai nuna yadda ake ruɗuwa da Majorana

Ƴan fizik na Damagaram, musamman masu shirin memuwar, wannan naku ne. Kwant manhaja ce ta Python, ko dala ba a biya, masana daga Holan da Faransa suka yi ta, takardar bayaninta ta fito a 2014. Aikinta shi ne ka gina ƴar waya siririya cikin kwamfuta, ka faɗa mata ga kayan da aka yi wayar da su, ga ƙarfin maganaɗisu, ita kuma ta lissafo maka yadda ilektiron zai ratsa ta.

Ni saboda Majorana na sauke ta. Tun 1937 Ettore Majorana, ɗan Italiya, ya kawo zancen wata ƙwayar zarra da ita ce kishiyar kanta, wadda ake kira da sunansa, to a 2012 wasu a Delft ta Holan suka haɗa wayar indiyom antimonaid da supakondakta, wato abin da lantarki ke ratsawa ba tare da wata tirjiya ba, suka sanyaya ta har ƙasa da kelbin ɗaya, suka kunna maganaɗisu, sai ga wani tsini ya fito a ma'auninsu daidai inda bolta take sifili, aka ce alamar ƙwayar Majorana ce. Wannan tsinin kana iya fito da shi a Kwant, har tsayinsa na 2e²/h da lissafi ya ce na Majorana zai kai, wallahi da na gan shi a allona daɗi ya kama ni.

Amma ga inda ta fi burge ni. Ka rage maganaɗisun yadda a ƙa'ida babu wata Majorana a wayar, sai ka zuba mata ɗan datti ko ka sassauta shingen bakinta, ka yi ta juya lambobi, tsini mai kama da wancan zai iya fitowa, alhali jabu ne, abin da ake kira yanayin Andreev ne kawai, wato wani zaman ilektiron na gama-gari a bakin supakondakta. Nan na gane me ya sa aka janye takardar 2018 ta mujallar kimiyya Nature, wadda ta ce an ga tsinin Majorana mai tsayin 2e²/h, a shekarar 2021, kuma me ya sa da Microsoft ta fito da cif ɗinta na kwamfutar kwantam mai suna Majorana 1 a Fabrairun 2025 masana da yawa suka ce a kawo ƙarin hujja tukuna. Labari a Facebook ba zai koya maka wannan ba, sai ka ruɗi kanka da hannunka.

Wahalarta kam akwai. Bayanan da Ingilishi suke, mu kuma da Faransanci muka yi lakwal, kuma in ba ka iya Python da lissafin matiris ba to fara da su tukuna. Ƴar waya gajera tsohuwar kwamfutata na ɗauka lafiya lau, amma in na faɗaɗa ta ga zafin Zinder ga kuran na ɗaukewa, fankar ciki sai ta yi ta ihu. Daɗin abin sau ɗaya za ka ci forfe wajen saukewa, ta conda, manhajar girka kayan Python, ya fi sauƙi, daga nan ko babu rezo tana aiki.

Wanda kuma ke tunanin za ta gano masa Majorana, a'a, lissafi kawai take yi, awon gaske sai da firjin milikelbin, mai sanyayawa har ƙasa da kelbin ɗaya.