Na'urar awon hawan jini da na saya wa Mma, bayan wata 3

Duk likitan da ya tambayi Mma yaya jiki, amsarta ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdulillahi", ko da ta kwana da ciwon kai. Sai mun shiga trotro, motar haya, za mu koma unguwar Aboabo a Kumasi take fara lissafa min abin da ke damun ta. Abin ya daɗe yana ci min rai, shi ya sa na shiga wani kemis a Adum, tsakiyar gari, na sayo na'urar awon jini, irin wadda ake ɗaurawa a damtse.

Aiki da ita ba wuya. Safe da yamma Mma takan zauna ta huta minti 5, ta ɗora hannu a kan tebur, in danna, in rubuta lambobin da kwanan wata a ƙaramin littafi. A gefe kuma nakan rubuta duk ƙorafin da ta yi a ranar, yadda ta faɗe shi.

Littafin nan ne ya gyara mana ganin likita. A asibiti awonta ya hau sosai, ga bin layi tun asuba, ga fargaba. Amma da likitan ya duba na gida, ya ga yawanci ƙasa da 140/90 yake, bai ƙara mata magani ba. Sai idonsa ya kai kan inda na rubuta "ƙafa ta kumbura" har sau huɗu. Ya yi tambaya da harshen Twi, na mayar mata da Hausa.

"Mma, ki faɗa masa gaskiya, har da jiƙon da kike sha."

Ta harare ni, amma ta faɗa. Ya bayyana mana cewa amlodipine, maganin hawan jinin da take sha, yakan kumbura idon sawu, ya sauya mata wani, ya ce a kawo masa jiƙon ya gani. Wata da watanni tana ɓoye kumburin nan a ƙarƙashin zani, tana cewa tsufa ne.

Inda na'urar ta gaza shi ne maɗaurin. Ya yi wa damtsen Mma kaɗan, kuma matsattsen maɗauri yana sa lamba ta hau fiye da gaskiya. Sai da na koma na sayi babba daban. Takardar bayanin ma ba wani dattijo a Zango da zai iya karanta ta shi kaɗai.

Duk da haka ban yi asarar kuɗina ba. Mai niyyar saye ya je da mai jikin, a gwada maɗaurin a hannunsa kafin a biya.